Tagogin Iskar Motata a Shingen Kwastan

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da muka ɗauko amaryar abokina Bashar daga Konni zuwa Illela. Ko yanzu na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Motata tsohuwa ce, ta sha duniya ta ƙoshi. Ana saura kwanaki biki na sayo wasu 'yan tagogi masu ƙyalli, irin waɗanda ake gani a gefen manyan motoci sama da tayar gaba, inda iska ke shiga. Nawa dai na roba ne, ba rami ba huda, da gam ake manna su. Na manna, na ja da baya na duba, na ji ni ma na zama wani. Ai kuwa 'yan biki na gani suka ce motata ce za ta ɗauki amarya.

Amarya da gwaggonta suka zauna a baya. A gaba kuma Luba ce, babbar ƙawar amarya (wadda, in faɗi gaskiya, dominta na yi duk wannan wahala). Amarya na lulluɓe tana kukanta yadda aka saba, ni kuwa na buɗe baki. Na ce wa Luba ramuka ne na gaske, sun zarce har cikin inji, hannun mutum na shiga har gwiwa. (Wa ya aike ni in ambaci gwiwa?) Ta zaro ido tana jinjina kai, ni kuma ina ƙara gishiri.

A shinge wani jami'in kwastan ya ɗaga mana hannu. Motar amarya ba a cika tsare ta ba, addu'a ake yi a ɗaga sanda. Amma ƙyallin nan ya ɗauki idonsa, kuma kowa a bakin iyaka ya san irin lungunan da 'yan fasa-ƙwauri ke cusa kaya a jikin mota.

"Malam, waɗanga ramukka na mi na?"

Kafin in haɗa amsa, Luba ta leƙo cike da alfahari. "Yallaɓai, na shan iska na! Hannu na shiga har gwiwa, shi da kainai yag gaya min."

"Har gwiwa?" in ji shi. Ya juya ya ce a kawo sifana a kwance gefen motar.

Rana na faɗuwa, motocin biki sun jeru a bayanmu suna oda, ana jiran amarya kafin magariba. Ko dai in bari a farke mota da amarya a ciki, ko in farke kaina. Gwaggo ce ta yanke hukunci daga baya: "Ɗana, in akwai abin hwaɗi ka hwaɗi. Ba mu kwana da ɗiyar mutane bisa hanya."

Na ce, a hankali, "Roba ta, yallaɓai."

"Mi?"

"Roba ta! Da gam ni manna!"

Ya sa farce ɗaya, ɗaya tak, ya ɓamɓaro tagar. Ga tsatsar da na rufe da ita ta fito fili, faɗin tafin hannu. Ya miƙo min abina ta taga, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya.

Kafaɗun amarya suka fara rawa cikin mayafi. Gwaggo na lallashi, "Yi haƙuri, kowa da haka ta tai," ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Da dariyar nan amarya ta shiga gidan miji, tsofaffi na salati.

Luba kuwa ba ta yi dariya ba, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Da za ta sauka ta ce, "Ni hwa na yarda da kai." Da za su koma Konni, motar kayan gara ta hau.

Tun daga ranar, in cika baki ya taso min, ina neman masu musu ne in yi a gabansu. Mai musu iyakarsa ya ƙaryata ka. Wanda ya yarda da kai shi ne zai tsaya maka shaida a gaban hukuma.