Ranar da Na Yaye wa Surukina Zana

Ni dai har gobe ban ga laifin injin ba. A Kontagora na zaɓo shi, ɗan injin yankan icce marar nauyi, ko da hannu ɗaya sai ka ɗaga. Tun a mota na fara jin kaina injiniya.

Washegari na tara maƙwabta su ga yadda ake sallamar gatari. Busasshen iccen dogon yaro da ke bayan gidana na nufa.

Matata ta ce, "Maigida, iccen nan fa ya karkata wajen banɗaki."

Na ce, "Ke dai gyara murhu. Gabas na ce ya faɗi, gabas zai faɗi."

Na ja igiya, inji ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Har hannu nake ɗaga wa jama'a.

Iccen bai ji umarnina ba. Ya yi yamma, rassansa suka kwashe zanar banɗaki ƙaf. Sai ga surukina, dattijon da ya zo mana baƙunta daga Bena, a tsugune da buta a hannu, ko ƙwarzane babu. Unguwa na kallonsa, shi yana kallona.

Ruɗewa ta sa na durƙusa na ce, "Baba, barka da hutawa."

Ya ce, "Da dai ina hutawar, ɗana."

Har yau, da na taɓa igiyar injin sai wani ya ƙwala ta katanga: "Jama'a, na banɗaki ya fito!" Baba kuwa, in ya zo wurinmu Zuru, sai ya tambayi 'yarsa ko na fita kafin ya ɗauki buta.