Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Malam Siddiƙu Mai Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda dama ba ta da sauran wurin ajiye wani, Malam Siddiƙu Mai Ƙofa na Goronyo, tsohon jami'in rabon ruwa da filaye a shirin noman rani, yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da ɗimbin mutanen da ya taɓa ɓata wa rai, rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani a gida da Gwaggo. Ta cika ranar Litinin bayan azahar, tana da shekara goma sha uku, a kan teburinta, a hannun mai ita. Ya so ya rubuta cewa ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, yadda aka saba rubutawa, to amma shi ne rashin lafiyar.

Mai karatu zai lura ba a buɗe wannan sanarwa da kalmomin da Musulmi ke faɗa in mutuwa ta zo ba. Malam Siddiƙu ya faɗe su shekara uku da suka wuce, ranar da matarsa Bara'atu ta rasu, kuma bai ga dacewar ya ara wa roba da ƙarfe su ba. Karatunsa ya kai ya san wannan bambanci. Bai dai kai ya hana shi taɓa abin da bai sani ba.

An kawo marigayiya daga Sakkwato a cikin jakar hannu, ta riga ta yi wani gida kafin nasa. Bara'atu ce ta raɗa mata suna, saboda in an tashe ta da safe sai ta yi nishi, ta yi gunaguni, ta ɗauki lokacin da za a dama kunu a sha kafin ta buɗe ido, amma in ta buɗe ba ta manta komai. Ta riƙe awon ruwan kowace ƙofa da kowane magudani na shekara tara. Ta san filin wa ya yi iyaka da na wa tun daga gindin madatsa har gonakin shinkafar Wurno. Shekarar ambaliya an fitar da ita a cikin daro a ka, ita da kaji biyu, ba ta yi ƙorafi ba. Batirinta ya mutu tun tuni, ta ci gaba da rayuwa a kan wayar wuta, kamar tsohuwar da ta dogara da sanda ta ƙi zama. Ba ta taɓa kai gulmar mai gidanta waje ba. Wannan ya fi abin da zai iya faɗa a kan yawancin abokan aikinsa.

Amma ba don awon ruwa ake wannan kuka ba, ofis yana da nasa kwafi, in ɓeraye sun bar shi. A cikin marigayiya akwai murya. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Wata rana Malam Siddiƙu yana gwada ko Gwaggo na iya ɗaukar magana, sai Bara'atu ta shigo ba ta san ana ɗauka ba. Mace ce da ba ta yarda da hoto ba, ba ta riƙe waya, in an miƙa mata ta gaisa da wani sai ta yi ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren gulbi. Babu wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai nan. Tun ranar sadakar bakwai, kullum bayan asuba, yana tada Gwaggo, ya jira ta gama nishinta, ya danna wuri ɗaya, sai a ji ƙarar labule, sannan:

"Malam. Malam. Kai da wagga Gwaggo taka. Tuwo ya huce tun ɗazu, in ya sandare kai ka sani. Mi kaka dannawa haka? Au, ɗaukata takai? To ta ɗauka. Ki ji da kyau, Gwaggo, shekara talatin da ɗaya mutumen ga bai taɓa cin tuwo da zahi ba."

Sai dariya, sai tari, sai ƙarar kwano a ƙasa. Can kusa da ƙarshe, kamar tana magana da kanta:

"Kwanon gidan Mainasara ma bai dawo ba. Bari dai."

Ya saurari wannan sau dubu da ɗoriya. Bai taɓa tsayawa a kan maganar kwanon ba, ya ɗauka zancen mata ne.

Ga yadda ciwon ajali ya faro. Marigayiya ta tsufa, nishin safe ya koma rabin awa, ƙwayoyin cuta na filashin mutane sun yi mata yawa. Malam Siddiƙu kuwa ya karanta labarin wata manhaja mai suna Linuks, wadda mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke rubutawa su bayar kyauta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Abin ya burge shi, don ya yi shekara talatin yana neman manoma goma su yarda a kan magudani ɗaya bai samu ba. Ya saka ta a gefen tsohuwar manhajar, ya raba musu faifan ajiya gida biyu, kamar yadda ya saba raba fadama. Ya kamata a faɗi gaskiya, baƙuwar ba ta yi laifin komai ba. Gwaggo ta miƙe kamar an rage mata shekara goma.

Matsala ɗaya ce. In an kunna ta, wani jerin zaɓi ke fitowa a baƙin allo, suna biyu, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Aikinsa aikin mai ƙofa ne, shi ke cewa ruwa ya bi nan ko can. Yana ba da daƙiƙa goma, in ba a zaɓa ba ya buɗe wa ta sama. Muryar kuwa tana ɓangaren ta ƙasa. Dattijon da ke laluben tabarau bayan asuba ba ya cika daƙiƙa goma. Kwana huɗu yana makara, yana kashewa yana sake kunnawa, kamar mai bara a ƙofar gidansa. Rana ta biyar ya ce ai shi ma mai ƙofa ne, zai gyara.

Ya buɗe taswirar faifan. Ga babban fili na tsohuwa, ga babban fili na sabuwa. A can gefe, a farkon taswirar, ga wani ɗan siririn fili, ba suna, ba wani abu da ido ke gani a ciki.

Duk wanda ya yi noma a ƙarƙashin Malam Siddiƙu ya san abin da ya biyo baya. Dokarsa ce, ya kuma yi alfahari da ita: filin da ya ga kwance ba shuka, a karɓe, a ƙara wa maƙwabcin da ke noma. Bai taɓa tambayar dalili ba, ya ce dalili shi ne abin da malalaci ke nomawa. Hannunsa ya yi aikin kafin kansa ya gama tunani. Ya share ɗan filin, ya ba da umarni a haɗe shi da babban filin tsohuwa. Na'ura ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. A rayuwarsa ba a taɓa yi masa wannan tambaya ya ce a'a ba.

Abin da bai sani ba, a wannan ɗan fili mai ƙofar kwamfutar, wato jerin zaɓin nan, yake zaune. Abin da kuma bai sani ba, in za a haɗe fili ta gaba, sai an kwashe duk abin da ke babban filin an matsar da shi, ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin kwasa, an kai kashi sittin da ɗaya cikin ɗari, wuta ta ɗauke. Marigayiya ba ta da batir. Fankarta ta yi wani dogon "fuuu", faifan ya ce "ƙyat", shi ke nan.

Da wuta ta dawo ya kunna. Ba jerin zaɓi, ba suna ko ɗaya. Baƙin allo, layi ɗaya na Turanci mai cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba, da ɗan farin tsinke yana ƙiftawa.

An yi jinya iya gwargwado. Ya danna duk maɓallan da ke jeren sama, ɗaya-ɗaya da bibbiyu. Ya shiga shuɗin allon nan na can ciki ya sauya wanda zai fara tashi, ya mayar, ya sake sauyawa. Ya kwafo umarni goma sha bakwai daga wayar maƙwabci a bayan takardar fansho, ya rubuta su harafi-harafi, kowanne ta amsa masa da cewa ba ta san wurin da yake nufi ba. Ya kai ta Achida wurin Lauwali mai gyara, wanda ya duba ta na minti ɗaya ya ba da shawarar a yi mata fomatin, a goge komai a sake zubi, ta dawo sabuwa fil kafin la'asar. Malam Siddiƙu ya ɗauke ta daga teburin da hannu biyu. Yana neman afuwar Lauwali a kan abin da ya faɗa game da iliminsa da na malamansa.

Malama Janet, mai koyar da kwamfuta a Wurno, ita ce ta yi mata duban tsanaki. Ta tashe ta da filashi, ta leƙa. Ɓangaren sabuwa lafiya lau, ba abin da ya same shi, ba kuma abin da ke cikinsa da wani ke so. Ɓangaren tsohuwa yana nan da girmansa amma ba ya buɗuwa, rabin kayan a tsohon wuri, rabi a sabo, takardar da ta san inda kowanne yake ta yage. Ta ce mayar da jerin zaɓi aikin minti ashirin ne, amma ƙofa ce za a kafa a gaban gidan da ya rushe. Ta ce akwai manhajar da ke bin faifai taƙi-taƙi tana tsintar abin da ya watse, tana iya samo muryar, tana iya samo rabinta, tana iya dawowa hannu wofi. Aikin zai ci kwana uku, wuta ba ta yanke ko na ƙiftawar ido ba. Sannan ta kara kunnenta a jikin marigayiya, ta ji wannan "ƙyat, ƙyat", ta ce faifan ba zai ɗauki wannan aiki sau biyu ba.

Yau kwana tara ke nan. Jiya bayan asuba ya zauna ya maimaita maganar da ka, sai ya rasa ko tarin ne ke fara zuwa ko dariyar. Kalmomin yana da su, ga su nan ya rubuta. Yadda take jan "Malam" na biyu ne ya fara zille masa.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin tsumma, linzami mai ido ɗaya, filashi uku da ba wanda ya taɓa tunanin kwafe minti huɗu a cikinsu, jaka, da mai gida.

Sai maganar wuta. A duk unguwar, gida ɗaya ne ke da sola da manyan batura da za su yi kwana uku ba su yi tari ba, gidan Alhaji Mainasara mai albasa. Shekara goma sha takwas da suka wuce, Malam Siddiƙu ya ga wani ɗan siririn fili na Mainasara kwance ba shuka, ya karɓe ya ƙara wa maƙwabci. Ta nan ruwa ke bi zuwa sauran gonakin Mainasara uku. Maƙwabci ya cike hanyar ya dasa tattasai, albasar Mainasara ta ƙone a tsaye shekara biyu a jere, sai da ya tafi ci-rani kafin ya farfaɗo. Ya zo ofis sau huɗu zai yi bayani, Malam Siddiƙu bai saurare shi ba. Tun daga nan ba su sake gaisawa ba, ko a makabarta.

Shekaranjiya Malam Siddiƙu ya sa babbar riga ya je ya yi sallama a ƙofarsa. An bar shi a zaure gwargwadon yadda shi ma yake barin mutane a benci, bai ga laifin haka ba. Da Alhaji ya fito, ya faɗa masa komai, har da ɗan filin da ya share, bai rage ba. Alhaji bai yi dariya ba, ko da yake an ba shi dama. Ya tambayi muryar wa ce. Da ya ji, sai ya shiga gida ya daɗe, ya fito da wani kwano mai murfi, fentin gefensa ya ɗaɗɗaye, ya ajiye a gaban baƙonsa. Ashe tun shekarar da albasa ta ƙone, duk ranar Juma'a Bara'atu na aiko kwanon nan gidan da tuwo, har bayan da suka daina bukata, don ta ce ta saba. Zuwansa na ƙarshe, kafin a mayar aka ce ta kwanta. Bayan rasuwarta kuma ba wanda ya san yadda zai shiga gidan Mai Ƙofa da shi.

Za a ɗauki marigayiya daga gidan mai ita ranar Laraba bayan sallar asuba, a kai ta ɗakin baturan Alhaji Mainasara, inda Malama Janet za ta fara aiki da ƙarfe bakwai. Za a yi zaman kwana uku a zauren gidan. Alhaji ya ce zai kashe firij da injin ban ruwansa har a gama. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya zo da waya neman caji, kada a taka igiyar wuta, kada kuma a ba da shawara. Wanda Malam Siddiƙu ya taɓa karɓe wa fili yana iya zuwa ya faɗi dalilinsa, za a saurara, ko da yake ba abin da za a iya mayarwa.

In an samu muryar, za a kunna ta sau ɗaya ranar Asabar ga duk wanda ya san mai ita, bayan an kwafe ta wuri bakwai. In ba a samu ba, za a naɗe Gwaggo a saka ta a akwatin da zannuwan Bara'atu suke, ba za a sake kunna ta ba.

Ba a bukatar a kawo abinci. Iyalin Alhaji sun karɓi kwanon sun ce za su riƙa zubo tuwo har kwana ukun su cika, kuma Malam Siddiƙu ya yi niyyar ya ci da zafinsa.