An Gina Taga, An Sayar da Ɗakin

Ranar Litinin na tarar da jan fenti a ƙofar shagon ɗinkina: in kawo takardar izinin zama kafin Alhamis, ko a garƙame. Shekara goma sha ɗaya ina taka keke a wurin, tawa takardar kuwa tuni gara ta yi kalaci da ita. Na ce da sauƙi, ai ofis na da kwafi.

Jama'a, ofis ya ci gaba. Da can tebur huɗu ne, kowanne da kwamfutarsa da foldarsa ta ajiyar takardu, ka yi ta zagaye kamar mai cigiyar akuya. Yanzu Ogan ofishin, Mai Girma Sarkin Hangen Nesa, ya sa an haɗe foldojin nan huɗu, suna fitowa a allo guda tamkar folda ɗaya. Har walima aka yi. Allah ya ƙara basira.

Akawu ta danna, ga sunana ɓaro-ɓaro. Na gyara zama. Ta sake dannawa, allo ya yi fari fat.

"Baba, sunanka na nan, takardar ce babu."

"'Yata, ƙafa ta yi?"

Ta rage murya. "Wannan foldar taga ce kawai. Leƙo abin da ke cikin tsofaffin kwamfutocin take yi, ba ta kwashe komai ba. Injiniyan da ya haɗa ta ya yi wa Oga bayani, amma lokacin yana waya. Da ya ga komai ya taru wuri ɗaya, sai ya ce tarkacen can na tare hanya, a yi gwanjonsu."

Ni kuwa da shagon nan nake ciyar da baki bakwai. Na dawo ina ƙunƙuni, sai maƙwabcina mai wanki ya ce, "Tela, kai kaɗai ne ba ka sani ba? Aminin nan naka mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ne ya saye su duka huɗun. Can ake layi yanzu."

Na je na bi layi, na karɓi takardata cikin minti biyar, abin da ofis bai taɓa yi ba. Saura sa hannun Oga, wanda aka ce kwana uku ba ya kan kujerarsa. Ina juyowa sai ga shi a wutsiyar layi, da baƙin tabarau, yana ta sharce gumi. Ashe takardar ƙarin girmansa ma tana ciki.

Na rusuna. "Ranka ya daɗe, mai rediyon aminina ne. In ka sa mini hannu a nan, sai in yi maka hanya."

A kan murfin wata matacciyar rediyo ya sa hannun, har da godiya. Shagona ya tsira. Ku kuma masu neman sa hannu, ku hanzarta, don na roƙi aminin nawa ya ce wa Oga ya dawo gobe.