Baƙin Mantau a Cikin Randa

A ƙauyenmu akwai wani mutum mai suna Mantau, yana zaune da matarsa Lantana da awaki biyu. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da aka faɗa masa, haka zai ɗauke shi ɗungurungum. Lantana kuwa gyambon ciki ya hana ta sakat, tuwo ma sai dai ta kalla.

Wata rana likita ya ce, "Gobe za mu duba cikinta, kada a ci komai kafin ku zo." Mantau ya hana kowa ci, har awakin ya ɗaure musu baki. Da azahar shi ne ya faɗi a layin asibiti don yunwa, aka yi ta yi masa fifita.

Wata rana likitan ya gutsuro ɗan nama daga cikin Lantana, bai kai ƙwayar gero ba, ya jefa a ƙaramar kwalba mai ruwa, ya sa a akwatin ƙanƙara. Ya ce, "Malam Mantau, akwai ƙwayoyin cuta a nan. Ruwan nan shi ne guzurinsu. Iska na kashe su, zafi ma haka, kada ka buɗe. Sai sun isa asibitin birni da rai za a gane maganin matarka. Ka riƙe su kamar baƙi."

Mantau ya ce, "Baƙi? An gama, likita."

A tasha ya kama musu kujera guda. Ya sayo musu ƙosai, ya tuna an hana buɗewa, ya cinye a madadinsu. Ana cikin tafiya mota ta lalace, rana ta take, ƙanƙara ta narke. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya yi sallama a gida mafi kusa, ya ce wa tsohuwar gidan, "Iya, baƙi na kawo, a ba su ruwan randa." Ya tsoma kwalbar a ciki. Da ya ga sun ƙi fitowa, sai ya roƙi aron randar, ya rungume ta a bayan babur har birni.

Ma'aikatan asibitin birni suka yi ta dariya. Wata ta tsoma hannu ta ji ruwan da sanyinsa, ta ce, "Ai kuwa ka kyauta musu."

Wata rana saƙo ya zo: ƙwayoyin sun rayu, an gane maganin da ke kashe su. Lantana ta sha, ta warke, ta share kwanon tuwo tas. Mantau ya yi murna har da hawaye, sannan ya yi tagumi.

Lantana ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Amma ashe neman yadda za a kashe baƙina ake yi. Ni da sake raka baƙo asibiti, har abada."