Babur Ɗin Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakiyar ofishinmu na 'yan sanda a Samaru ina yi wa babur kirari kamar maroƙi.

Ni da Kofur Bulus tare muka yi horo, tare aka turo mu Zariya, amma komai sabo shi yake fara samu. Rigar ruwa, Bulus. Tocila, Bulus. Ba ya roƙo, ba ya fadanci, murmushi kawai yake yi, kuma murmushin nan ya fi komai ƙona mini rai. In faɗa muku gaskiya, kishinsa nake yi har cikin ƙashina.

A aikinmu ba a yar da kayan gwamnati. Abin da ya lalace komawa yake yi sito a Sabon Gari, can a tantance: wannan na gyara, wannan a cire kayan jikinsa, wannan kuma sai gwanjo. Da na ji raɗe-raɗin za a ba Bulus babur na sintiri, sai dabara ta zo mini. Ni ina da babur na aiki, tsoho, mai tari da safe. In na mayar da shi a matsayin matacce, ai dole a ba ni sabo kafin a kai kan Bulus.

Na tura shi da hannu har gaban Insfekta Ngozi, mai kula da sito (ya tashi lafiya lau ranar, a kwanar ƙarshe na kashe shi). Haihuwar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa kaifi.

"Kofur, ka tabbata ya mutu?"

"Ranki ya daɗe, sai dai jana'iza."

Ta karɓa, ta sa aka shigar da shi sito.

Daga nan na koma ɗan ƙafa. Damina ta same ni ina tsallake kwata daga gidana a Palladan, ina tare 'yan acaɓan da jiya nake yi wa faɗa. Sabon babur shiru.

Wata safiya, bayan fareti, sai ga motar sito ta sauke babur yana walƙiya. Insfekta Ngozi ta miƙa wa Bulus makulli. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Ban san lokacin da na fito gaban ogan ofishinmu ba.

"Yallaɓai, a yi adalci! Dubi tanki, dubi taya! Bulus, tayar da shi su ji." Ya tayar. "Kun ji inji? Kamar agogo! Irin wannan ake ba 'yan gata, mu kuma a ba mu gawa. Ni da za a ba ni wannan, a ɗakina zai riƙa kwana!"

Insfekta Ngozi ta bari na gama tsaf. Sannan ta tako a hankali, ta ɗaga kujerar babur ɗin, ta ce, "Zo ka karanta mana."

A ƙarƙashin kujerar, da jan farce, a karkace, an rubuta BABANA. Rubutun 'yata Ummi ne. Ni na riƙe mata kujerar ranar da ta yi shi.

"Gawarka ce," in ji ta. "Fulogi muka canza, muka zuba baƙin mai, muka wanke shi, aka ɗan shafa fenti. Makaniki ya ce ba mutuwa ya yi ba, wanka yake nema."

Har oga sai da ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Wani kurtu ya riƙe ciki ya durƙusa (na riƙe fuskarsa, ban yafe ba). Na buɗe baki in ce to a mayar mini da abina, sai ta riga ni: "Kai ka ce ya mutu. Sababbi in sun zo, za a neme ka."

Da aka tashi aiki hadari ya haɗo. Ina tsaye a bakin titi sai ga Bulus da murmushin nan nasa.

"Mutumina, hau in sauke ka."

Na so in ƙi. Na dubi sama, na hau. Muna isa gida Ummi ta fito da gudu tana ihu, "Babur ɗin Baba ya dawo!" Sai ta tsaya, ta dube ni a baya, ta ce, "Baba, me ya sa kai aka ɗauko?"

Yanzu ko tocila ce ta fara lumshe ido, goge ta nake yi in canza batir, in yi shiru. Na gano ba sabon kaya nake so ba, duk abin da ke hannun Bulus nake so, ko da nawa ne.