Alalen Bikin Karrama Dakta Ladi

Ni aka ɗora wa shirya bikin karrama Dakta Ladi, mai binciken irin wake a sashenmu. Da yake ina ji da iya tattali, da na ga buhun wake a sito, sai na sa aka yi alale da shi.

Ana cikin ci ta ce, "Malam, ina ka samo wake mai daɗi haka?" Na faɗa mata, har da gyara hula. Ta ajiye cokali. Ashe irin da ta yi shekaru tana tarawa daga manoman Danchuwa ne, kuma babu saura.

Ba ta yi faɗa ba, ta sake bin gonaki daga farko. Har yau masinjoji na tambayata, "Oga, yau binciken wa za mu ci?"