Kwalaben Yawun Zuri'ar Dogo

Duk Gusau babu wanda ya san darajar asali kamar Alhaji Tajuddeen Dogo, tsohon magatakarda, wanda abokan zamansa ke kira Farfesan Tushe. Mutum ne da in ya gaishe ka sai ya tambayi sunan kakanka, in ka faɗa ya ce, "Allah sarki." Tun da ya yi ritaya ya gano cewa duk mai amsa sunan Dogo, daga Kucheri har Furfuri, tsatson gwarzo ɗaya ne, kuma babban reshe shi ne mai maganar. Ya kafa Ƙungiyar Zuri'ar Dogo, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya sa aka ɗinka masa jar hula.

Abu ɗaya ke hana Farfesa sakat: Baba Ɗanlami na Furfuri, gajeren manomi, wanda kowa ke kai wa ƙarar iyali maimakon shugaba. Sai Allah ya haɗa Farfesa da labarin gwajin DNA, inda mutum ke tofa yawu a kwalba a aika ƙasar waje a gano danginsa. Nan take ya sayo kwalabe arba'in, ya rubuta doka da hannunsa.

"Zamanin ji-ta-ji-ta ya wuce," in ji shi a dandalin Furfuri, yana kallon Baba Ɗanlami ta saman tabarau. "Kimiyya ba ta da ɗan ɗaki. Duk wanda yawunsa ya saɓa wa na jama'a, ya fita daga ƙungiya, ko waye shi!"

Aka yi tafi. Shi dai Farfesa ya tofa nasa a falonsa, cikin sanyin fanka. Amma mutum irinsa bai dace ya tsaya kallon talakawa suna tofe-tofe ba, don haka ya damƙa sauran kwalaben da aikin zagaya dangi ga Labbo, tsohon direban tashar Tsafe, wanda ba shi da haɗi da gidan Dogo ko ta wajen kaza.

Abin da Farfesa ya manta, duk da iliminsa, shi ne mutumin da ke binne gashinsa bayan aski ba zai miƙa yawunsa a tafi da shi inda bai sani ba. Kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa Alhaji a'a ba. A Kucheri wani dattijo ya juya kwalbar ya ce, "Miyauna za a kai ƙasar Turawa? Wa ya san mi za su yi da shi? Labbo, kai da ba ka tsoron komi, taimaka mini."

Labbo mutum ne mai tausayi, kuma fasinja na jiransa. Ya tofa. Na biyu ya miƙo tasa, na uku ma. Kafin ya gama zagaye har Ruwan Bore, maƙogwaronsa ya bushe ƙamas, amma kwalba talatin da tara sun cika.

Bayan wata biyu sakamako ya iso. Farfesa ya ƙi buɗewa sai gaban jama'a. Aka kafa rumfa a Bungudu, aka kawo lasifika, ya sa aka zaunar da Baba Ɗanlami kusa da ƙofa don kada fita ta yi masa nisa.

"Lamba ta biyu zuwa ta arba'in," ya karanta da ƙarfi, "sun dace ɗari bisa ɗari. Kun ji? Kamar mutum ɗaya!"

Jama'a suka sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka tawali'u ne.

"Lamba ta ɗaya kuwa..." Sai muryar ta sauka. Ya goge tabarau, ya juya takardar baya, ya sake juyowa. Lamba ta ɗaya ba ta da dangi a rumfar, kuma kowa ya san wanda ya nace sai an ba shi lamba ta ɗaya.

Gaskiya na ji tausayinsa. Mutum talatin da tara sun san abin da zai cece shi, amma wa zai tashi ya ce ya yaudari shugaba? Doka kuwa da rubutunsa take. Ya cire jar hular a hankali ya ajiye a kan tebur.

A hanyar komawa Gusau, Labbo, wanda ke tuƙa shi, ya daɗe yana kallonsa ta madubi, sannan ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ai laifinka na. Da ka ba ni kwalbarka kamar yadda kowa ya ba ni tashi, da yanzu kana cikin danginka."